Wa zai kai yaran Yauri daji?

A tambayi ɗalibin sakandare a Yelwa ko Wara ko Shanga wane gandun namun daji ya sani, Yankari zai ce, don shi aka ba shi ya haddace. Alhali ga Gandun Kainji nan kudu da mu, dajin Borgu a yammacin tafki, na Zugurma a gabas. A 1979 gwamnatin tarayya ta haɗe su wuri guda, faɗinsu ya haura murabba'in kilomita 5,300, kuma shi ne gandun ƙasa na farko a Najeriya. A can Sabuwar Busa akwai kwalejin koyon kula da namun daji, akwai cibiyar binciken kifi. Duk wannan ilimi yana maƙwabtaka da mu, yaranmu kuwa ba su san gwanki daga kanki ba.

Da can ana zuwa. Da rani, bayan ciyawa ta ƙone, baƙo zai sauka a sansanin Kogin Oli, a haɗa shi da ma'aikacin gandu mai bindiga, su fita da sanyin safiya. Aikin jagoran nan ya wuce gadi. Shi zai tsaya ya nuna maka sawun ɓauna a laka, ya ce na jiya ne ko na yau, ya bambance maka doka da maje da kawo, ya gaya maka dalilin da ya sa mariya ke taruwa a bakin gurbin ruwa idan zafi ya tsananta. Abin da malamin aji zai yi mako yana zanawa a allo, nan kafin hantsi ya shiga kai.

Yau ba mai hankalin da zai ce a kwashi ɗalibai zuwa cikin wannan daji. 'Yan bindiga sun yi sansani a sassansa, kuma iyayen wannan yanki ba su manta da 17 ga Yunin 2021 ba, ranar da aka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri aka tafi da yara da malamai. Tsoronsu yana kan hanya. Inda na saɓa da mutane shi ne a ce tunda gandu ya gagara, sai a rufe yaro tsakanin bango huɗu har ranar da tsaro zai dawo. Kafin ranar ta zo, tsofaffin da suka san daji da ruwa sun ƙare.

Ba sai an je Oli ba. Bakin ruwan Yelwa ma makaranta ne, kuma malamansa suna nan zaune suna ɗinkin koma. A sa wani dattijon Bagunge ko Basarke a gaba, yara ashirin a bayansa, tafiyar awa biyu kusa da gari, a dawo kafin azahar. Zai nuna musu hanyar da dorina ke bi da dare ta shiga gonar shinkafa, sawunta mai yatsu huɗu, da yadda take watsa kashi a jikin ciyawa da wutsiya. Zai nuna musu alamar da ruwa ya bari a jikin dutse, ya bayyana musu cewa kogin Kwara cika biyu yake yi a shekara: farin ruwa mai laka, na daminarmu, wajen Satumba, sai baƙin ruwa garai-garai da ke isowa cikin hunturu, ruwan saman da ya sauka tun a tsaunukan Gini ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali. Yaron da ya ji wannan a tsaye bakin kogi ya fahimci taswirar Afirka ta Yamma fiye da wanda ya zana ta sau goma. Daga nan sai malamin makaranta ya ɗora nasa: me ya sa ruwa ke ja da baya a bar wa manoman albasa fili, me injinan madatsar Kainji ke yi da shi.

Tarihi ma yana wurin. An kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Busa da gungu da yawa, aka tayar da mutane sama da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Wasu daga cikin waɗanda aka tayar suna raye, za su iya nuna da baki inda garinsu yake a ƙarƙashin ruwa. Ana koya wa yaranmu cewa Mungo Park ya mutu a Busa a 1806, 'yan'uwan Lander sun sauka a Yauri a 1830, amma ba a cika gaya musu cewa da jiragen mutanen nan da jagorancinsu 'yan'uwan Lander suka ci gaba da tafiya ba. Bikin Rigata kuwa, da ake kallo sau ɗaya a shekara ana tafi, darasin tuƙi da iyo ne da za a iya shimfiɗa shi tsawon zango.

Kuɗin da abin zai ci bai taka kara ya karya ba. Ma'aikatar ilimi ta Kebbi ta nemi hukumar gandun ta riƙa turo ma'aikatanta makarantun Yauri da Ngaski da Shanga, tunda baƙi sun yi ƙaranci. Masarauta ta zaɓo jagorori ta hannun sarakunan ruwa, a biya su hakkinsu kamar kowane malami, kada a sallame su da goro. Hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa saboda al'ummomin da madatsun wuta suka shafa, ta ɗauki nauyin rigunan ruwa. Wannan na ƙarshe ba abin sassauci ba ne: mun ga abin da ya faru kusa da Wara a watan Mayun 2021, da jirgin da aka danƙare da mutane ya nutse. Duk makarantar da ba ta da rigar ruwa ga kowane yaro, ta tsaya a tudu, a yi darasin daga can.