A Unguwar Gai, Batiri Ne Sarki



Tambayar wannan makon: mai buga gem ya bar kwamfutar tebur ya koma laftof? Mu dai mun ce ya koma, muddin wasan na ɗebe kewa ne, irin su PES da tsofaffin FIFA.

Ba musu, a kuɗi ɗaya ta tebur ta fi ƙarfi. To amma ina amfanin ƙarfin a garin da wuta sai ta ga dama? Ana ɗaukewa wasa ya mutu. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, tada janareta don buga ƙwallo almubazzaranci ne. Cajar laftof kuwa galibi wat 45 zuwa 65 ce, ƙaramar sola ta ishe ta.

Sai dai ba a cinikin biri a sama. In kun shiga Farm Centre a Kano, ku nemi mai RAM 8GB da SSD, ku zare caja ku ga daɗewar batirin. Katin hotonta ba ya canzuwa, wanda kuka saya da shi za ku zauna. Kada a ɗora ta kan katifa. Zafin bazara da ƙurar hunturu ne ajalinta.

Masu gidan gem a Rano da Kibiya, ku riƙe na teburinku, taku sana'a ce.

Allah Ya sa mu dace.