Harafin つ da Tarkon Baƙaƙen Boko

A cikin haruffa 46 na rubutun hiragana, wanda yaran Japan ke fara koyo, akwai wani mai kama da ƙugiya a kwance: つ. Da zane ɗaya tak ake rubuta shi. Alƙalami zai taso daga hagu, ya miƙa dama yana ɗan hawa, sannan ya lanƙwaso ƙasa ya nufi hagu, a sassauta hannu har zanen ya sirance. Littattafan koyon Japananci sukan rubuta "tsu" a gefensa, kuma shi ne gaɓar farko ta kalmar tsunami, wadda duniya ta sha ji bayan bala'in watan Maris na 2011. A ganina, ga ɗalibi Bahaushe, wannan "tsu" tarko ne.

Dalilin yana cikin maƙogwaro. Ɗora yatsa a kan naka, ka ce "tsuntsu". Za ka ji ya ɗan zabura sama. Abin da ya faru shi ne tantanin maƙwallato ya rufe, iskar huhu ta tsaya cik, sai maƙogwaro ya ɗaga ya tunkuɗo 'yar iskar da ke cikin baki da ƙarfi. Haka muke furta ƙ ma. Bajapane kuwa ba ya rufe maƙwallato. Yakan ɗora harshe a bayan haƙoran sama, ya sake shi iskar huhu ta kwararo, kamar an haɗa t da s a numfashi guda, kuma ba ya turo leɓɓa wajen wasalin yadda muke yi. Baƙaƙen iri ɗaya ne a takarda, amma aikin gaɓoɓin jiki ya sha bamban.

Ba laifin kowa ba ne. Tsarin rubuta Japananci da boko da aka fi sani ya samo suna daga James Hepburn, likita Ba'amurke da ya wallafa ƙamus a 1867, kuma masu jin Ingilishi ya yi wa aiki, ba mu ba.

Saboda haka shawarata ita ce ɗalibi ya rufe baƙaƙen boko da tafin hannu, ya saurari furucin mai harshen, wanda yanzu ana samu a wayar hannu, sannan ya rubuta harafin da alƙalami yana faɗinsa a bayyane. Wani zai ce ɓata lokaci ne, tunda Japanawa da kansu sukan latsa boko a kwamfuta harafin ya fito. Gaskiya ne, amma sai da suka shafe shekaru suna rubutu da hannu tukuna. A 2012 Karin James ta Jami'ar Indiyana da abokiyar aikinta sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 'yan shekara biyar da ba su iya karatu ba, suka ga sassan da ke aikin karatu sun fi motsawa idan yaro ya ga harafin da ya rubuta da hannunsa, fiye da wanda ya latsa ko ya bi sawunsa kawai. Japanawa sun daɗe da sanin haka a aikace: idan harafi ya shige wa mutum duhu, sai ka ga yana zana shi da yatsa a iska ko a tafin hannu. Duk wanda ya yi karatun allo, ya wanke ya sake rubutawa yana rera abin da ya rubuta, ba zai yi mamaki ba.

Akwai kuma inda Bahaushe ya fi Bature sa'a da wannan harafi. Idan aka ƙanƙanta shi, っ, ba a furta shi, sai dai ya ninka baƙin da ke biye da shi. "Kite" na nufin zo, "kitte" kuwa kan sarki ne na wasiƙa. Mai jin Ingilishi yakan sha wahala kafin kunnensa ya rarrabe su, amma yaron da ya san bambancin "mana" da "manna" zai kama shi a rana ɗaya.