Zaman Gona: A Gina Dandamali Kafin A Kafa Tanti

Tun daga shirin ciyar da ƙasa wanda gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shi a 1976, da shirin bunƙasa noma na gwamnatin Alhaji Shehu Shagari a 1980, mutanen birni ba su daina neman gona a karkara ba. Ma'aikacin gwamnati, da ɗan kasuwa, da wanda ya ajiye aiki, kowa yana so a ce yana da inda zai noma abin da iyalinsa za su ci, tsadar abinci ta 'yan shekarun nan kuwa ta ƙara wa abin ƙaimi. To, amma gonar da ke nesa da gari ba ta yarda da jeka-ka-dawo. Lokacin shuka da noman fari da girbi, tilas mai gona ko yaransa su kwana a can, wani lokaci har mako biyu ko fiye. Abin da akasari suke yi shi ne su sayi tanti, su share wuri, su kafa shi bisa tsurar ƙasa, su shimfiɗa tabarma. Daren farko akan kwana lafiya. Ran da aka tafka ruwa mai yawa, ran nan ne mutum yake sanin kuskurensa.

Illar kwanciya a ƙasa ba ta tsaya ga jiƙewar shimfiɗa ba. Danshi yana ruɓar da gindin tanti, gara kuma tana cin tabarma da buhu da duk abin da aka ajiye. Mafi muni shi ne kunama da maciji. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, cikinsu har da David Warrell, sun bi diddigin saran maciji a Arewa, suka ga cewa kumurci mai tofa dafi yakan sari mutane da dare suna barci a ɗakunansu. Kububuwa kuma, wadda dafinta ke hana jini daskarewa, ta yi ƙaurin suna a kwarin Binuwai da kewaye, shi ya sa aka san asibitin Kaltungo a Jihar Gombe da na Zamko a Jihar Filato da jinyar waɗanda ta sara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ne saran maciji ke kashewa kowace shekara a duniya, a 2017 kuma ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Dandamali ba ya hana maciji hawa gaba ɗaya, amma yana raba mai barci da hanyar da maciji ya saba bi, yana kuma ba shi damar ganin abin da ke ƙarƙashinsa kafin ya sauko da ƙafa.

Dabarar ba baƙuwa ba ce. Manomi ba ya dasa rumbunsa a ƙasa, sai ya ɗora shi bisa duwatsu don gudun danshi da gara. Buzaye da Fulani, duk da yawan tashinsu, sukan kafa gado a cikin bukka, ba su yarda su kwanta a ƙasa ba. A Amurka ma, a duwatsun Jihar New Hampshire, an gina dandamalai na katako a wuraren da masu yawon daji ke yada zango, domin kada yawan kafa tanti ya kashe ciyawa ya jawo zaizayar ƙasa. Abin da aka yi wa hatsi, ai mutum ya fi cancanta a yi masa.

IZINI DA ZAƁEN WURI

Aikin farko ba na zarto da guduma ba ne. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin zama da noma a filayen karkara. Wanda ya sayi gona ya tabbata yana da takarda da shaidu. Wanda aka ba aro ko jingina kuwa, ya faɗa wa mai gona abin da yake niyyar ginawa, a gaban mai unguwa ko dagaci, a kuma yi magana a fili kan wanda zai mallaki katakon ran da aka rabu. Rigingimu da yawa sun samo asali ne daga ɗan abin da aka kafa a gonar aro, mai gona ya ɗauka ana shirin ƙwace masa gado. Haka nan kada a kafa kome bisa burtali ko mashayar dabbobi ko cikin gandun daji na hukuma. Daɗin daɗawa, a halin da karkara take ciki a wasu jihohi, wajibi ne a tambayi mutanen gari ko wurin yana kwanuwa. In dattawa suka ce a'a, to, babu amfanin gona da ya kai ran mutum.

Wurin da ya dace shi ne jigawa ko ɗan tudu mai sauƙin gangare, inda ruwa ba ya kwanciya. Da rani kowane fili kyakkyawa ne a ido, saboda haka a tambayi maƙwabtan gona inda ruwa ke bi da damina. A guji fadama da gaɓar rafi, ko da rafin a bushe yake, domin ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa yana iya cika shi cikin dare. A guji baƙar laka mai tsagewa da rani, gama tana kumbura in ta sha ruwa, ta karkatar da ginshiƙai. A nisanci suri da tarin duwatsu da tsofaffin ramukan gafiya. Inuwa abin so ce, amma doguwar itaciya da ke tsaye ita kaɗai a fili tana jan aradu, busasshen reshe kuma ba ya sallama kafin ya faɗo. Da yake hadari a wannan ƙasa daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas, sai a juya ƙofar tanti ta dubi yamma, kamar yadda magina na dā suke yi.

AWO DA KAYAN AIKI

Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Tanti mai faɗin ƙafa 10 da tsawon ƙafa 12 zai zauna daidai bisa dandamali mai faɗin ƙafa 12 da tsawon ƙafa 16, a sami rarar ƙafa ɗaya a kowane gefe, da ɗan barandar ƙafa 4 a bakin ƙofa don ajiye takalma da buta. Wannan awo yana da fa'ida biyu. Ta farko, katakon kasuwa galibi ƙafa 12 ne tsawonsa, don haka ɓarna ba ta yawa. Ta biyu, tabbatar da kusurwa abu ne mai sauƙi. A kafa turaku huɗu, a ja igiya, sa'an nan a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta a karkace. In awon ya ba da ƙafa 20 cif ta kowane ɓangare, kusurwoyin sun daidaita. In bai ba da ba, a matsa turke a sake aunawa, kada a fara haƙa.

Ginshiƙai 15 ake bukata, layi uku a tsawon dandamalin, tsakanin layi da layi ƙafa 6, kowane layi ginshiƙi biyar, tsakaninsu ƙafa 4. Tsayinsu daga ƙasa ya kasance ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu. In ya gaza haka tsintsiya ba ta shiga, ido ba ya gani, sai ƙarƙashin ya zama maɓoyar abin da ake gudu. Mafi inganci shi ne ginshiƙin bulo da siminti, ko na dutse, a kan ɗan harsashi. Wanda bai da halin wannan sai ya nemi itace mai ƙwari da gara ba ta cika ci ba, kamar ƙirya ko azarar giginya, ya babbake gindin a wuta, ya shafe da kwalta, ya binne ƙafa biyu, ya daddaɓe da burji. Sandunan turare suna da araha, amma ba su daɗewa a ƙasa in ba a sa musu magani ba. Kada a sare itace sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Madobiya, alal misali, an yi mata saran ƙare dangi don fitarwa waje, har a 2016 taron ƙasashen duniya a Johannesburg ya ƙara tsananta sharuɗɗan cinikinta.

Don kawunan ginshiƙai su zo daidai ba sai an sayi wata na'ura ba. Siririn tiyo na roba wanda ake ganin cikinsa ya isa. A cika shi da ruwa, a fitar da iska, mutum biyu su riƙe bakunansa, ɗaya a ginshiƙin farko, ɗaya yana zagayawa. Ruwa a bakunan biyu kullum tsayinsa ɗaya ne, sai a yi alama a inda ya tsaya. Bayan an yanke, a kifa wa kowane ginshiƙi ɗan guntun kwano wanda ya fi shi faɗi, a lanƙwasa bakinsa ƙasa. Kwanon ba ya kashe gara, amma yana tilasta mata ta gina hanyarta a fili inda za a gani a rushe.

HAƊAWA

Bisa kowane layi na ginshiƙai ake ɗora uwar katako. Ana haɗa ta ne da katako biyu masu kaurin inci 2 da faɗin inci 6, a buga su gefe da gefe, a tsayar da su bisa kaifinsu. Da yake tsawon ƙafa 16 ne, dole a yi ƙari, to, ƙarin ya faɗo bisa kan ginshiƙi, kada kuma na katakon biyu su haɗu a wuri ɗaya. Layukan uku za su ci katako 8. A gicciye bisa su sai a jera wasu 13 irinsu, tsakanin kowane biyu inci 16. A kan waɗannan ake shimfiɗa falankai masu kaurin inci ɗaya. Guda 16 masu faɗin ƙafa ɗaya za su rufe wurin, amma gara a sayi 18 saboda tsagewa da kuskuren yanka. In aka tsaga kowane falanki biyu ya fi, domin mai faɗi yakan lanƙwashe in rana ta buge shi. A bar ɗan tsakani kamar kaurin ƙusa tsakanin falanki da falanki, ruwa ya riƙa zurarewa. Ɗanyen katako kuwa a bar shi ya sha iska a inuwa tukuna, in ba haka ba zai ƙanƙance ya saki ƙusa.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne iska. Guguwar farkon damina tana iya cika tanti kamar balan-balan, ta ɗaga shi tare da abin da aka ɗaure shi a kai. Saboda haka a ɗaure uwayen katako da ginshiƙai da ƙarfen langalanga ko waya mai kauri, a kuma gicciya sanduna tsakanin ginshiƙan kusurwa don hana jijjiga. Tun da turke ba ya shiga katako, a ɗaura zobban ƙarfe a gefen dandamali inda igiyoyin tanti za su kama, manyan igiyoyi kuma a kai su ƙasa a kafa musu turaku masu zurfi. In aka ja tamfol a sama da tanti, aka bar tazarar ƙafa ɗaya tsakaninsu, zafi yana raguwa ƙwarai, tantin kuma ya fi daɗewa. Daga bisani a haƙa 'yar magudana ta wajen tudu, ta kewaye dandamali ta kai ruwa gangare.

Maganin gara da ake shafa wa katako guba ne. A shafa shi a fili da safar hannu, a bar shi ya bushe kafin a kwanta, kada kuma a hura wutar girki da guntayen katakon da aka shafa wa. Baƙin man mota da wasu ke amfani da shi yana ɓata ƙasa, bai kamata a kusanci rijiya da shi ba.

ZAMA A WURIN

A nome ciyawa yadi goma kewaye da dandamali, a riƙa share ƙarƙashinsa, kada a mai da shi ma'ajiyar buhuna da itacen girki. Hatsi yana kiran ɓera, ɓera kuma yana kiran maciji, saboda haka rumbu da murhu su yi nesa da makwanci. Da kaka sharar nan ita ce katanga tsakanin tanti da wutar daji. Duk tsananin sanyin hunturu kada a shiga da gawayi mai ci cikin rufaffen tanti, gama iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, ya kuma kasance ta wajen gangare. A rataya gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, a kakkaɓe takalmi kafin a sa, kada a sauka da dare sai da tocila. In ƙaddara ta faɗa wa wani, kada a tsaga wurin saran, kada a ɗaure shi tamau, kada a ɓata lokaci. A hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Sanin wannan asibiti da hanyar zuwa gare shi tun kafin a tare, yana cikin aikin ginin.

Mai yiwuwa wani ya ce kuɗin katako da ƙusa da ladan kafinta sun yi yawa a kan wurin kwana na 'yan makonni. Sai ya auna su da kuɗin sabon tanti duk bayan damina biyu, da kuɗin jinya, da asarar kwanakin noma in ciwo ya kwantar da mutum daidai lokacin da gona ke bukatarsa. Dandamalin da aka gina da kyau yana shekaru, da kaka a shanya amfanin gona a kansa, ran da aka tashi kuma a kwance katakon a tafi da shi, ƙasa ta koma yadda take. Lokacin aikin shi ne rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da katako yake a bushe kuma hanya take biyuwa. Wanda ya jira sai hadari ya haɗu, to, a cikin laka zai yi awo.

Mako mai zuwa filin nan zai duba hanyoyin tanadin ruwan sha a gonar da ba ta da rijiya. Allah ya ba da damina mai albarka.