Gwajin Cuta a Kan Takarda: Me Ya Hana Shi Isowa Asibitocinmu?

A watan Mayun 2023, babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙudurin da ke kira ga ƙasashe su ƙarfafa harkar gwajin cututtuka. Kafin nan, a 2021, wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya gano cewa kashi 47 cikin 100 na mutanen duniya ba sa samun gwajin da suke buƙata, ko kuma kaɗan ƙwarai suke samu. Duk wanda ya yi aiki a asibitin karkara ya san hakan: a duba majinyaci da ido, a rubuta masa magani bisa zato.

Cikin hanyoyin da ake sa ran za su cike wannan giɓi akwai gwaji a kan takarda. A 2007 ne Farfesa George Whitesides da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard ta Amurka suka nuna cewa za a iya shata wa takarda ƙananan hanyoyi da wani abu mai hana ruwa ratsawa, daga baya aka koma amfani da kaki. Idan aka ɗiga fitsari ko jini, takardar za ta ja shi da kanta kamar yadda lagwani ke jan kananzir, ta rarraba shi zuwa gurabe daban-daban. Kowane gurbi na ɗauke da sinadarin da ke sauya launi idan ya haɗu da abin da ake nema. Gwajinsu na farko sukari da furotin ya auna a fitsari. Babu lantarki, babu inji, in an gama a ƙona. Ɗan'uwan tsinken gwajin ciki ne da na zazzaɓin cizon sauro, sai dai shi yana iya auna abubuwa da yawa da ɗigo ɗaya.

To shekaru sun ja, me ya sa ba mu ganin sa a kantin magani?

Labarin gwajin hanta ya isa misali. Ƙungiyar Diagnostics For All ta ƙera wata takarda, girmanta bai wuce kan sarki ba, wadda ke auna sinadarin ALT da ɗigon jinin yatsa. Buƙatar a fili take, domin wasu magungunan tarin fuka da na ƙanjamau suna iya illata hanta, kuma majinyaci da yawa na shan su wata da watanni ba a taɓa duba hantarsu ba. An gwada ta kan majinyata 600 a birnin Ho Chi Minh na Biyetnam, aka wallafa sakamakon a 2013. Ma'aikatan jinya sun iya karanta ta, amma a rukuni ɗaya na takardun da aka ƙera, kusan ɗaya cikin biyar sun lalace, saboda matatar da ke raba ruwan jini da jajayen ƙwayoyi ta sami matsala. Rukuni na biyu bai yi haka ba. Wato dabarar ta yi aiki, ƙera dubbai masu inganci iri ɗaya ne ya zama jidali. Ƙari a kan haka, kamfanin Xerox ya daina yin injin buga takardu mai amfani da kaki a 2016, alhali shi ne akasarin masu bincike suka dogara da shi.

Sai batun zafi, wanda ya fi shafar mu. Sinadaran da ke kan takardar ba sa jure zafi da danshi. Yawancin kayan gwajin gaggawa an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, wasu 40. A Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, zafin Afrilu kan haura 40 a inuwa, balle cikin sito mai rufin kwano. Kayan da suka lalace ba sa nuna alama, sakamakon ƙarya kawai suke bayarwa. Karanta launi ma ba wasa ba ne: abin da aka gani da rana daban yake da wanda aka gani da tocila. Shi ya sa ake ƙoƙarin haɗa gwajin da kyamarar waya, amma hakan na dawo da buƙatar caji da tsadar da aka gudu tun farko.

Inda aka ga ci gaba na zahiri, sai da aka ɗan sassauta burin "takarda zalla". Gazelle, na'urar gano cutar sikila da aka gwada samfurinta na farko a Kano, tana raba nau'o'in haemogulobin a kan wata takarda ta musamman, amma ƙaramin inji mai batir ne ke karanta sakamakon cikin mintoci. Haka nan katin da Farfesa Marya Lieberman ta Jami'ar Notre Dame ta ƙirƙiro don gano jabun magunguna: a goga ƙwayar a kan layuka 12, a tsoma gindin katin a ruwa, launukan da suka fito su nuna ko sinadarin da aka rubuta na ciki. An yi aiki da shi a Kenya. Tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci, a ganinmu wannan ne ya fi cancantar hukuma irin NAFDAC ta sa masa ido. Katin dai tacewa yake yi, ɗakin gwaji ne ke yanke hukunci.

Akwai kuma inda laifin namu ne. Tsinken gwajin maleriya ya daɗe a hannunmu, amma sau nawa yake nuna babu cutar, a bai wa majinyaci maganinta duk da haka? Sau nawa ake gano jariri na da sikila a sallame shi ba tare da penisilin na kariya ko ranar dawowa ba? Kafin ma'aikatar lafiya ta sayi kowane sabon gwajin takarda, ya kamata ta nemi shaidar cewa an gwada shi a zafi irin namu, a hannun ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, kuma an tanadi maganin da za a bayar idan launin ya sauya.