Haƙƙin Tsohuwar Hanya a Kan Garuruwan da Ta Raya

A ƙasar Amurka akwai wasu bayin Allah waɗanda idan sun sami hutu, maimakon su hau manyan titunan zamani da ke kai matafiyi inda ya nufa ba tare da ya ga fuskar kowa ba, sai su ɗauki tsofaffin taswirori su kutsa ƙauyuka suna cigiyar wuraren da wata hanya ta taɓa bi, watau Route 66, wadda aka sa wa lamba a shekarar 1926, ta tashi daga Chicago ta ratsa jihohi 8 har Kalifoniya, tafiyar mil 2,400 da ɗoriya, kafin hukuma ta soke sunanta daga lissafi a 1985. Wanda bai san dawar garin ba sai ya ce rashin aikin yi ne. Ni kuwa a ganina aikinsu ya yi kama da na malamin da ba ya karɓar riwaya sai ya bi isnadinta mutum bayan mutum, domin hanya ba ta taɓa zama a gurbi guda ba, kuma duk inda ta kauce akwai dalili, akwai kuma waɗanda kaucewar ta ci wa tuwo.

A jihar New Mexico, alal misali, da fari hanyar takan karkata arewa ta biya ta Santa Fe, sa'an nan a 1937 aka miƙar da ita, har ya zama a tsakiyar birnin Albuquerque akwai mararrabar da tsohon layi ya gicciye sabo. A Oklahoma kuma, tsakanin Miami da Afton, har yanzu akwai guntun titi mai faɗin ƙafa 9 kacal, wanda in motoci biyu suka haɗu dole kowace ta sauke tayoyin gefe guda cikin ƙasa. Mutanen wurin suna ba da labarin cewa kuɗin da aka samu bai isa cikakken faɗi ba, sai aka zaɓi tsawo. Garin Oatman na Arizona, wanda zinariya ta kafa, an janye masa hanya tun farkon shekarun 1950 saboda hawan dutsen da ke galabaitar da motoci, yau jakuna ne ke yawo a kasuwarsa, jikokin waɗanda masu haƙar ma'adinai suka saki.

Babbar mutuwar ta zo ne bayan dokar 1956 ta zamanin Shugaba Eisenhower, wadda ta haifar da manyan tituna masu shinge da ba a shiga ko fita sai ta ƙofofi ƙalilan. Ranar da aka buɗe sabon titi kusa da garin Seligman na Arizona a 1978, motocin da ke ratsa garin dare da rana suka ɗauke ɗif, masu sayar da mai da masu masauki da masu abinci suka wayi gari suna kallon juna. Abin lura shi ne, wanda ya ta da maganar ceton hanyar ba gwamna ba ne, ba kuwa shaihin jami'a ba. Wani mai aski ne na garin, Angel Delgadillo, ya tara 'yan uwansa a 1987 suka kafa ƙungiya, suka matsa har jihar ta amince aka kafa alamun tarihi a kan ragowar titin. Majalisar ƙasa ba ta yi dokar taimaka wa adana kayan hanyar ba sai a 1999, bayan talakawa sun riga sun share fage.

Amma fa akwai gyara, kuma a nan nake saɓa wa masu kantunan tsaraba da suka mayar da tarihin nan fitilu masu launi da tsofaffin motoci kawai. Hanyar nan ita ce manoman da fari da guguwar ƙura suka kora daga gonakinsu a shekarun 1930 suka bi, da katifu ɗaure a kan mota, suna neman ƙwadago a yamma. Baƙar fata kuwa, akwai garuruwa da dama a gefenta da ba a yarda rana ta faɗi yana cikinsu ba, shi ya sa wani mai suna Victor Green ya fara buga wani littafi a 1936 yana nuna wa matafiya baƙaƙe inda za su sami mai da makwanci ba tare da wulaƙanci ba. Gidan man iyalin Threatt da ke Luther a Oklahoma yana cikin 'yan wuraren da suka karɓe su, kuma a wurina ya fi gumakan talla goma cancantar a kashe masa kuɗin gyara. Adalcin mai tarihi bai cika ba in ya ruwaito daɗin tafiya ya ɓoye wanda aka hana ruwa.

To, mu ma ba baƙi ba ne ga wannan al'amari, mu da kakanninmu fatake suka kafa zango bayan zango daga Kano har Gwanja, mu da muka ga yadda tagwayen hanyoyi ke kewaye gari su bar tsohuwar tasha da masu tsire da masu fura suna jiran motar da ba za ta ƙara tsayawa ba. Ba na cewa a daina sabon titi, domin rayukan da muguwar kwana ta ci sun isa hujja. Abin da nake roƙo shi ne sassan tarihi na jami'o'inmu su tura ɗalibai su zauna da tsofaffin direbobi da 'yan kamasho da matan da suka shekara suna tuƙa tuwo a bakin hanya, su rubuta inda titi ya bi da, da shekarar da ya kauce, da abin da ya sami kasuwar garin daga baya. Ƙananan hukumomi kuma su sa sharaɗi cikin kwangila cewa ba za a rushe tsohuwar gada ko gidan saukar baƙi ba sai an ɗauki hotonsa an rubuta sunan wurin.