Fuskar Ganye a Ginin Turawa: Tatsuniya ce ko Tarihi?

Duk wanda ya shiga tsofaffin majami'un Ingila, ya ɗaga kai ya dubi inda ginshiƙi ya haɗu da rufi, da wuya ya fito bai yi ido biyu da wata fuska ba. Fuskar mutum ce aka sassaƙa a dutse ko a katako, amma ganye ya mamaye ta. Wata ganyen ne ya zama gashinta da gemunta, wata kuwa rassa ne ke fitowa daga bakinta, wani sa'in har ta hanci da idanu, su bazu a jikin gini. A ɗakin ibada na Rosslyn da ke Sikotland, wanda aka aza harsashinsa a 1446, an ƙidaya irin wannan fuska fiye da 100. Akwai ta kuma a babbar majami'ar Bamberg ta Jamus tun ƙarni na 13. Turawan Ingila suna ce mata Green Man, watau Koren Mutum, kuma a kanta nake son in yi magana da malamaina da 'yan'uwana ɗalibai.

Abin mamaki shi ne, fuskar tsohuwa ce amma sunan jariri ne. Wata baturiya, Lady Raglan, ita ta raɗa mata shi a 1939, cikin wata maƙala da ta buga a mujallar Folklore. Ta ce wai fuskar nan wani abin bauta ne na maguzawan Turai, ubangijin tsiro da yabanya, wanda talakawa suka ƙi rabuwa da shi bayan zuwan Kiristanci, har suka shigo da shi majami'a a sace. Labari mai daɗin ji. Amma da masana tarihi irin su Ronald Hutton suka bi diddigi, sai suka tarar ba shi da tushe. Magina ba su bar wani rubutu da ya ce gunki suke sassaƙawa ba. Su Kiristoci ne, majami'a ce ta ɗauke su aiki ta biya su, kuma salon haɗa fuska da ganye ado ne da aka sani tun zamanin Rumawa, ya kuma bi ta zane-zanen da ake ƙawata littattafan hannu da su.

To, amma kafin gaskiya ta ɗaura ɗamara, labari ya riga ya ci kasuwa. Jama'ar garuruwan Ingila sun sauko da fuskar daga rufi sun mai da ita tasu. Masu ginin tukwane suna gina ta da yumɓu, yara suna haɗa ta da takarda a makaranta, ana zana ta a bango da allunan shaguna. A garin Hastings an farfaɗo da bikin Jack in the Green a 1983, inda ake lulluɓe mutum da ganye tun daga kai har ƙafa, a zaga gari da shi a farkon watan Mayu, a ƙarshe a tsige ganyen a rarraba wa jama'a. Shi ma wannan biki ba na maguzawan da ba ne, an fara jin labarinsa ne a ƙarni na 18 a Landan, kuma masu share bututun hayaƙin gidaje ne suka shahara da shi. Har katin gayyata na naɗin Sarki Charles a 2023 sai da aka zana fuskar a gindinsa, aka yi ta muhawara a kai.

Wasu masana suna yi wa duk wannan kallon raini, suna cewa an gina soro a kan yashi. Ni ban bi su ba. A nawa ganin, mai fasaha ba ya jiran izinin malamin tarihi kafin ya ɗauki abin da ya gani a bangon garinsu. Garin da yaransa suka koyi ɗaga kai su dubi aikin kakanninsu, sa'an nan su zauna su kwaikwaya da hannunsu, lalle ya ci riba, ko da kuwa hanyar da aka bi an ratsa ta daji.

Inda na ja daga shi ne wurin sayar da tatsuniya da sunan tarihi. Mu ɗaliban Hausa mun fi kowa sanin wannan iyaka. Mai tatsuniya yakan buɗe da kalmomin da kowa ya sani, ya rufe da ƙurunƙus, domin kada yaro ya tashi da zaton Gizo ya taɓa zama a unguwarsu. Lady Raglan ba ta ce ƙurunƙus ba. Wanda aka fi zalunta kuwa shi ne maginin. A majami'ar Southwell akwai wani zauren taro da aka gina a ƙarshen ƙarni na 13, inda masassaƙa suka fitar da ganyen inabi da na itatuwan ƙasarsu da irin ƙwarewar da har yau mai ilmin tsirrai zai duba ya faɗi sunan kowane ɗaya. Ashe mutanen nan sun shiga daji, sun tsinko ganye, sun ƙura masa ido. Wannan shi ne abin koyi a aikinsu. Idan aka ce musu ɓoyayyun maguzawa, an kawar da ido daga gwanintarsu an mai da shi ga wani sirri da babu shi.

Ba don in ce mu fara sassaƙa fuskoki na kawo wannan magana ba. Addininmu da al'adarmu sun bi da maginanmu wata hanya dabam. Amma mu ma muna da bango mai magana. Wanda ya zaga birnin Zariya ko Kano ya ga zanen da ake yi wa fuskar zaure, da dagi, da takobi, har da keke da agogo a gidajen da aka yi wa ado a ƙarni na 20. Da yawa daga cikinsu siminti ya shafe, wasu damina ta cinye. Dagi kaɗai ya fita daga bango ya hau riga da tambari, kuma tuni kowa ke ba shi fassarar da ta yi masa daɗi, tamkar yadda aka yi wa Koren Mutum.

Bambancinmu da Ingila ɗaya ne: masassaƙansu sun mutu shekaru ɗaruruwa kafin wani ya tuna ya tambaye su, mu kuwa har yanzu akwai tsofaffin magina da ransu, da almajiran da suka ɗauki kwaɓi a hannunsu. Ina roƙon Sashenmu ya sa wannan cikin aikin hutun ɗalibai. Kowa ya nemi magini ɗaya a garinsu, ya ɗauki hoton zanen, ya rubuta sunan da maginin ke kiransa da shi, da wanda ya koya masa, da abin da mai gida ya biya. In maginin ya ce zanen ba shi da wata ma'ana, ado ne kawai, a rubuta haka nan.