Matan Girka da bitamin D: rana kaɗai ba ta isa ba

Ƙasar Girka tana kudancin Turai, bakin tekun Bahar Rum. Ƙasa ce mai rana ƙwarai, har baƙi na zuwa daga arewa kowace shekara don su shanya jikinsu a tsibiranta. Duk da haka mata da yawa na ƙasar suna fama da ƙarancin bitamin D, abin da fatar ɗan adam ke yi da kanta in rana ta taɓa ta.

Aikin wannan bitamin shi ne taimakon hanji ya tsotsi kalsiyom, sinadarin da ke gina ƙashi. In ya yi ƙaranci, ƙashin yaro sai ya yi laushi, ƙafafunsa su gwame. Tsohuwa kuwa, ƙaramar faɗuwa a tsakar gida ta isa ta karya mata ƙugu. Mai ciki da ba ta da shi, jaririnta ma haka za ya zo duniya, kuma nonon uwa ba ya ɗauke da shi da yawa.

A shekarar 1995 mujallar likitoci The Lancet ta buga wani bincike a kan tsofaffin Turai. An tarar na kudu, har da na Girka, sun fi na ƙasashen arewa masu sanyi ƙarancinsa. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Mutanen arewa sun san ranarsu ba ta da ƙarfi, saboda haka suna cin kifi mai maiƙo, suna shan man hantar kifi. Matar Girka kuwa ta saki jiki. In zafi ya yi, sai ta rufe tagogi ta zauna inuwa. A ƙauyuka, wadda mijinta ya rasu takan rufe jiki da baƙaƙen tufafi shekara da shekaru, ga shi fatar tsohuwa ba ta aiki kamar ta budurwa. Ma'aikaciya tana wuni a ofis, alhali hasken da ya ratso gilashi ba ya ba da bitamin D. Man zaitun da suke alfahari da shi, abinci ne mai kyau, amma wannan bitamin babu shi ciki.

A ganinmu laifin ba na matan ba ne. Wanda ba a faɗa wa ba, ina za ya sani? Nauyin yana kan likitoci da ungozomai, su bayyana wa mace tun ranar awon ciki na farko: kifin sardin, gwaiduwar ƙwai, ɗan zama a rana, da ɗigon magani ga jariri. Hukuma ma tana da nata. Ƙasar Finlanda ta soma zuba bitamin D cikin madarar sayarwa a 2003, kuma awon jinin jama'arta ya nuna ƙaruwa. Mahukuntan Atina na iya yin haka da madara ko garin burodi, ya kai har ga tsohuwar ƙauye wadda ba ta karanta jarida.